Ranar da Aka Kwance Jelar Anjuwara

Kullum da asuba, ana idar da salla, Anjuwara tana kan jingar kogi tana tafiya. Takalman robar mijinta take sakawa, sun yi mata yawa, tun daga nesa ake jin ƙararsu. Takan bi turakun lantarki har na ashirin, inda ake ɗaure kwale-kwale, ta taɓa shi da tafin hannu, ta juyo. Babu tulu a kwankwasonta, babu akuya a gabanta, babu wanda ya aike ta. A daidai lokacin ni ina zaune a bakin ƙofata ina taje kai, ina cire abin da ya biyo mataji ina naɗewa a yatsa. In ta zo wucewa sai ta ce, "Shefali, taso mu je." Ni kuma in ce mata ina da abin yi.

Ni ce na raba matar nan da tabarmar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a kanta. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauka yabon ƙawa na zo yi.

Aikinmu gashi ne. Masu kekuna suna zaga ƙauyukan bakin kogin Atrai suna karɓar gashin da mata ke cirewa daga mataji suna cusawa a tsagar bango, su ba su cokali ko ɗan kwano. Su kawo shi gidan Khala Jobeda a buhu, curi-curi, da ƙura da zare da duk abin da kan mutum ke tarawa. Mu ashirin da wani abu muke zama a ƙarƙashin rumfar kwano, kowace da tsinken ƙarfe, muna warware shi sili-sili. A wanke, a ja a matajin ƙarfe, a ware dogo da gajere, a ɗaure. Daga nan ya tafi inda ake yi wa matan wasu ƙasashe hular gashi. Da safe Khala tana auna wa kowace tabarma rabonta a sikeli, da yamma ta auna abin da aka mayar. Kowa ya san ƙura tana cin nata kason. In abin da ya ɓace ya wuce na ƙura, magana ta taso. Doka ɗaya ce: wadda aka kama da gashin gidan a jikinta ta tafi, kuma babu gidan gashin da zai shimfiɗa mata tabarma a wannan gefen kogin.

Tabarmarmu ɗaya ni da Anjuwara. Ta girme ni da shekara uku, Bubu nake ce mata kamar yadda ake ce wa yaya. Mijinta Moslem keken ɗaukar kaya yake ja. 'Yarsu ɗaya, ita ma sai da aka yi shekara bakwai ana jira. Ba ta da surutu. In aka samu curin da ya harɗe kamar sheƙar tsuntsu, wanda kowa zai tura wa na gefensa, ita ake miƙa wa, ta zauna da shi har ya sake. Ban taɓa ganin ta tsinke sili don gajiya ba. Ni ina tsinkewa.

Ba hali ne ya haɗa mu ba. Kanmu ne. Mu biyu ne a rumfar nan gashinmu yake zubewa, ba irin zubewar bayan haihuwa da ke wucewa ba, irin wadda tsagar kai take ƙara faɗi duk shekara. Parul, wadda bakinta ba ya hutawa, takan ce in aka jera kanmu biyu motar garin Naogaon za ta bi tsagar ta wuce ba ta taɓa ciyawa ba. Hashem mai keke, wanda ke karɓar gashi a ƙauyenmu, yakan ce da yana da irinmu goma da ya sayar da keken ya huta. Mukan yi dariya, mu ƙara jan gefen zanenmu na sari a ka.

Babu abin da ba mu shafa ba. Ruwan albasa, man kwakwa da habbatus sauda, ƙwai, lalle, ganyen darbejiya. Mun ɗaura laya. Duk Juma'a, ranar hutu, ina zuwa gidanta ko ta zo nawa, wannan ta durƙusa a bayan wannan ta shafa mata. Ina son Juma'ar nan. In na buɗe kanta na ga fata tana ƙyalli a tsakiya, sai hankalina ya kwanta, domin nata ya fi nawa lalacewa. Wannan ma gaskiya ce.

Ba don gashi ta je asibiti ba. Al'adarta ce ta ɗauke wata huɗu, surukarta ta ɗauka ciki ne, ta sa Moslem ya kai ta gari. Babu ciki. Amma likitar, mace ce, ta sa ta sauke sari daga wuya, ta daɗe tana kallon baƙin da ke bayan wuyanta. Shekara da shekaru Anjuwara tana gurzar wurin da dutse, ta ɗauka dauɗa ce. Aka ɗebi jininta. Da ta koma karɓar sakamako likitar ta ce mata baƙin wuyan nan, da tumbin, da 'yan gashin da ke fito mata a haɓa, da al'adar da ke wasa, da kan da ke zubewa, duk saiwarsu ɗaya. Jikinta ne ba ya iya sarrafa sukari yadda ya kamata, tana bakin ƙofar ciwon sukari. Ga kuma ƙarancin jini a kai. Ta ba ta ƙwayar da ake sha da abinci, da ƙwayar ƙarin jini, da wani ruwa da ake ɗigawa a fatar kai. Ta ce ta rage shinkafa, ta cika gurbin da dal, wato miyar wake, da ƙananan kifi da ganye, ta sha shayi ba sukari, ta yi tafiya kullum. Ta ce kada ta nemi ganin komai kafin wata shida, kuma da farko gashin zai iya ƙara zuba.

Duk wannan a kan tabarma ta zayyana mana, ba ta rage komai ba. Rumfa ta ɗauki dariya.

Parul ta ce, "To ashe gashi daga ciki yake tsirowa. Bubu, ki haɗiyi taki mana, ya fi sauri."

Ni ban yi wasa ba, na faɗa mata ra'ayina. Na ce kakata shinkafa take ci sau uku, ta mutu tana zama a kan jelar gashinta. Na ce mace mai yini a sunkuye tana aiki ba ta bukatar a koya mata motsa jiki. Na ce likitoci magana suke sayarwa. Ta saurare ni har na gama, ta ce kakata a gona ta yini, mu kuwa a zaune muke yini.

A wurinmu macen da ta rage shinkafa ko ba ta da lafiya, ko mijinta ya gaza. Anjuwara ta ɗauko ɗan kwanon tagullar da 'yarta ta ci abinci a ciki tana ƙarama, ta mai da shi ma'auninta. Cikinsa ɗaya da rana, ɗaya da yamma. Surukarta ta yi kwana uku ba ta yi mata magana ba, wai za a ce tana horon matar ɗanta da yunwa. Lokacin sanyi ya zo, aka fara dafa ruwan dabino, gari ya cika da ƙanshin mazarƙwaila, kowane gida ana suyar waina. Na ga an miƙa mata guda, ta gutsuri rabi ta ba yaro sauran. Tafiyar asubar kuma sai da ta jawo mata tsegumi. Har aka samu mai cewa akwai wanda take gani a wurin kwale-kwale. Moslem ya ji, washegari ya ba ta takalmansa don kada ƙaya ta soke ta.

Wata biyun farko gashin ya ƙara zuba, kamar yadda aka faɗa mata. Na ji daɗi. Na ce mata, "Bubu, likitar nan taki anya ba 'yar'uwar Hashem ba ce?" Ta yi dariya har da hawaye. Da asuba na sake jin takalman.

Wuyan ne ya fara washewa. Sai ta daina gyangyaɗin da muke yi bayan abincin rana. Sai sarinta ya fara saura, tana ƙara naɗi. Al'ada ta dawo. A wata na takwas Hashem ya tsaya a ƙofar gidan aiki yana ƙorafi, wai matar Moslem ta yanke hulɗa da shi, abin da ta tara masa a wata bai kai ƙwallon dabino ba. Ya juyo wurina ya ce Allah Ya bar masa ni. Mata suka yi dariya. Ni kaɗai aka yi wa ita a wannan karon.

Ta daina shafa albasa, amma ba ta daina zuwa Juma'a ba. Takan durƙusa a bayana ta shafa mini, a hankali, kamar da. Na tsani hakan. Ina zaune ina jin idonta a kan fatar kaina, ni kuma babu abin da zan buɗe in kalla in ji sanyi.

Na roƙe ta ruwan da take ɗigawa. Ta zuba mini a ƙaramar kwalba, amma ta ce ba shi kaɗai ba ne, in je a duba jinina, wataƙila nawa dalilin daban ne. Na yi sati biyu ina ɗigawa, gashi ya ƙara zuba, na jefa kwalbar a kududdufi. A raina na ce ba shi ta ba ni ba, na gaskiyar ta ɓoye.

Wata rana aka auna mana rabonmu, na ɗauko curi, na ga shuɗin zaren da nake ɗaure nawa da shi. Na kai hanci, warin albasa. Nawa ne. Hashem ya karɓa a ƙofata, ya zagaya da shi, ya dawo hannuna. Na zauna ina warware gashin kaina don a ɗora a kan wata matar da ban sani ba, ga Anjuwara a gefena, jelarta ta fara cika hannu. Ta gane zaren. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta wannan ta yi. Na ce ta bar mini abina.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka yi bikin 'yar ƙanwar Khala. Anjuwara ta zo da fure a jelarta, sari ya ɗan zame daga kanta ba ta yi saurin ja ba. A hanyar komawa gida mijina, wanda bai taɓa lura da sabon sari a jikina ba, ya ce matar Moslem ta koma yarinya. Bai faɗa da wata manufa ba. Da ya faɗa da manufa da ya fi mini sauƙi.

Satin da ya biyo baya sikeli ya fara nuna giɓi. Kwana huɗu a jere abin da ake mayarwa da yamma ba ya kai abin da ya kamata, kuma tabarmarmu ce ta fi kowace giɓi. Khala ta fara zagaya mu tana gyaran murya. A rana ta huɗu na jira har kowa ya watse, na same ta a bakin famfo tana wanke hannu. Na ce ni ban ga kowa ya ɗauki komai ba. Na ce amma shekara nawa tana wannan sana'a, ta taɓa ganin gashi ya dawo kan da ya riga ya buɗe? Na ce a rumfar nan akwai jelar da take ƙara kauri, akwai sikelin da yake ƙara rama, ita ta san lissafi.

Ko na yarda da abin da na faɗa? Rabi. Mu da muke yini cikin gashi mun san yadda ake saƙa ƙari a cikin jela ba a gane ba. Kuma ya fi mini sauƙi in ce ɓarauniya ce da in ce shekara ɗaya da rabi tana kirana da asuba ina cewa ina da abin yi.

Da safe Khala ta sa aka rufe ƙofar gida, aka kori maza masu sauke buhu. Ta tsaya a gaban tabarmarmu.

"Anjuwara, kwance kanki."

Anjuwara ta ɗago. "Wa ya ce, Khala?"

"Sikeli ne ya ce."

Ba ta dube ni ba. Ta ajiye tsinkenta a kan tabarma, ta sauke sari zuwa kafaɗa, ta warware jelar da kanta. Khala ta sunkuya tana ƙyafta ido, amma idonta ya daɗe da raunana, kowa ya sani. Ta ce wata ta zo ta duba mata.

Anjuwara ta ce, "Shefali ta duba. Duk gidan nan babu hannun da ya kai nata sanin mataccen gashi."

Na durƙusa a bayanta, inda na saba durƙusawa. Mataccen gashi ba ya ɓuya a hannunmu. A bushe yake, kai da jela a haɗe, in kika ja shi tsakanin yatsu sai ya riƙa cijewa. Ƙari kuma dole yana da ƙulli, ko zare, ko wurin da aka kama shi. Na nemi ƙullin. Na nema da gaske. Na raba gashin gida-gida tun daga goshi har ƙeya. Babu. Abin da na samu gajerun gashi ne a bakin tsaga, wasu tsawon yatsa, wasu rabinsa, a tsaye kamar shukar da aka dasa jiya, bakinsu siriri kamar allura, almakashi bai taɓa ganinsu ba. Kowanne a cikin fata yake. Na kama guda na fizga, da ƙarfin da ya wuce bukata. Ya fito da farar saiwarsa. Kafaɗarta ta motsa.

Wani abu kuma na gani da ban zata ba. Tsakiyar kan har yanzu ba ta cika ba, ana hango fata. Bai dawo duka ba, ba kuma zai dawo ba. Abin da ya hana ni sukuni wata da watanni bai wuce cikin tafin hannu ba.

Na ce, "Nata ne."

Khala ta ce, "Ɗaga murya, ba ni kaɗai ke nan ba."

"Nata ne, Khala. Duka nata ne."

Anjuwara ta tattara gashinta ta kitse, ta ja sari, ta ɗauki tsinke ta ci gaba da curin da ta ajiye. Bayan kwana biyu aka gano giɓin. Wani sabon mai keke ne yake yayyafa wa buhunansa ruwa don su yi nauyi. Da safe gashin yana da danshi, kafin yamma kwanon rumfa ya busar da shi. Tabarmarmu ce a bakin rumfa, inda rana ta fi bugawa.

Ta ƙarasa satin a gefena. Tana miƙo mini ruwa in ta ɗebo, tana karɓar curin da ya gagare ni. Ranar Alhamis da yamma, bayan awo, ta miƙa wa Khala tsinkenta. Khala ta ce haba, ai an wanke ta a gaban kowa, ta yi haƙuri, za ta mayar da ita kusa da ƙofar ɗaki inda inuwa take.

Anjuwara ta ce, "Khala, shekara goma sha ɗaya ina mayar miki da gashin mutane sili-sili. Ba zan zauna inda aka ƙirga nawa ba."

A ƙetaren kogi, ƙauyen wanta, akwai gidan gashi. Can ta samu tabarma. Moslem ya ce keke ko'ina ana jansa, suka ɗaure kaya.

Ban ba ta haƙuri ba. Na shirya maganar sau da yawa, amma maganar da ba za ta mayar da ita tabarmarta ba ban ga amfaninta ba. Ita ma ba ta taɓa ce mini ta san ni ce ba. Da ta zage ni a gaban mata da na samu abin riƙewa.

Yau shekara guda ke nan da tafiyarta. Wata yarinya aka zaunar a gefena, tana tsinke gashi fiye da ni. Na je wurin likitar. Ta ce nawa kusan irin na Anjuwara ne, sai dai sukarin ya riga ya shigo, na yi jinkiri. Ina shan ƙwayoyin, ina hawa jinga, tsagar ta daina faɗi, amma ban ga wani abin sa fure ba. Matan da suka je biki ƙetare sun dawo suna cewa jelarta ta kai ƙugu. Na san ƙari suke yi, na taɓa kan da hannuna. Duk da haka ranar ban iya cin abinci ba.

Ganina da ita na ƙarshe ranar tafiyarsu ne. Moslem ya riga ya wuce da kaya da 'yarsu da tsohuwarsa ta hanyar gada. Da asuba ina bakin ƙofa da mataji na ji takalman. Wannan karon ba ta ce in taso ba. Ta tsaya, ta sunkuya, ta ajiye ɗan kwanon tagullar nan a kan dokin ƙofata.

Ta ce, "Litinin da Laraba likitar take zama. Ki je ba ki karya ba, jini za su ɗiba."

Ta juya. Na bari ta yi nisa, sannan na hau jingar, mataji a hannuna, karon farko da na hau ta babu aike. Na hango ta tana bin turakun ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai na ashirin ta taɓa shi da tafin hannu, ta cire takalman ta riƙe, ta gangara ta shiga kwale-kwale.